Shuɗin da Bai Koɗe Ba

Litinin, da hantsi

Yau na farke ɗinki na ƙarshe a rigar makarantar Rediyo. Babu sauran abin saki. Na juya rigar ciki da waje, na bi gefen dama da reza, na bi na hagu, ko faɗin farce ban samu ba. Shekara ashirin ina kan keken ɗinki, ban taɓa jin haushin yadi ba sai yau.

Rediyo 'yata ce, ita kaɗai Allah ya ba mu. Babanta ne ya laƙa mata sunan tun tana ƙarama, saboda idan ta buɗe baki da safe sai barci ke rufe shi. Shekararta sha shida. Yanzu sai ta wuni ba ta ce uffan ba. Ni da na sha roƙon ta yi min shiru ko na minti biyar, ga shi na samu har ya ishe ni.

Na sa ta tsaya na zagaya mata tef. Ban faɗi lambar ba, ita ma ba ta tambaya ba. Wata biyar, in ji ta, tef ɗina kuwa ya ce an kusa shida. Saura mako guda a fara jarrabawar fita, kuma kusan wata guda ake yi ana rubutawa. Dokar makarantarsu kowa ya san ta: yarinyar da aka gane tana da ciki a bakin ƙofa ake mayar da ita, ko da biro na hannunta. Yaron da ya yi cikin kuwa ba a rubuta ko layi ɗaya a kansa ba.

Abu ɗaya nake so yanzu a duniyar nan, ta zauna ta rubuta takardar ƙarshe ta ajiye biro. Bayan nan duk mai magana ya zo ya same ni a shago, ina da amsarsa.

Litinin, da yamma

Babanta ya dawo daga gareji, ya wanke baƙin mai, ya tambaye ni ko "waccan" ta ci abinci. Waccan! Tana zaune a gabansa fa.

Laraba, da la'asar

Na hau mota na je kasuwar can nesa inda ba a san fuskata ba, na sayo shuɗin yadi irin na makarantar. Mai yadin yana yanka yana surutu, wai sabuwar ɗaliba aka samu? Na ce masa ya kula da almakashinsa.

Ba don yabon kai ba, na yi ɗinki. Na ɗaga kafaɗa, na matsar da ɗinkin ƙugu sama kaɗan, na zuba ninki huɗu masu zurfi daga ƙarƙashin ƙirji har ƙasa, na danne su da dutsen guga suka kwanta luf. Da ta saka, ni kaina da na san abin da ke ciki sai da na sake dubawa.

Ta daɗe a gaban madubi. Sai ta ce, "Mama, kowa zai kalle ni."

Na ce, "Ke, buɗe idonki. Me ake gani?"

"Ba a ganin komai. Amma babu 'yar ajin ƙarshe mai sabuwar riga."

Na zauna daɓas a kan kujera. Gaskiyarta. Rigunan 'yan ajinsu shekara uku suna shan wanki da rana, duk sun koɗe sun koma kamar ruwan wanki. Tawa kuwa shuɗinta daga farkon layi za ka hango shi. Wace uwa ce mai hankali za ta ɗinka sabuwar riga ana saura wata guda a bar makaranta, in ba da dalili ba? Malaman nan ba su iya gano yaron da bai iya karatu ba sai ya shekara, amma irin wannan kafin ka ƙifta ido sun haɗa lissafi.

Juma'a, da rana

Mutane suna kawo min tsoho in mayar musu sabo, yau ga ni ina mayar da sabo tsoho. Murfin bilic ɗaya, ruwan nan mai koɗar da kaya, a bokiti, da gishiri, in jiƙa, in matse, in shanya a bayan ɗaki inda maƙwabta ba sa leƙowa. Na goga wuyan a dutsen wanki har ya fara gashi. Na cire tsofaffin maɓallai da bajon tsohuwar rigar na mayar kan wannan. Har tawada na ɗiga a bakin aljihu, don ban taɓa ganin aljihun Rediyo babu tabo ba.

Babanta ya same ni ina yi. Ya tsaya ya kalla, bai ce sannu ba. Da na fito bayan ya tafi aiki sai na tarar ya jingina fallen kwano a jikin katanga, daidai inda rana ke duka. In ka shimfiɗa riga a kai kamar ka sa ta a tanda. Mutumin nan zai iya ɗauko kwano daga gareji a kansa, amma kiran sunan 'yarsa ya gagare shi. Ina ganin namijin da ya fi shi taurin kai ba a haife shi ba tukuna.

Asabar, da hantsi

Yau na ga ƙarfin hali. Maman Dogo ta shigo shagona da leda a hannu, ɗanta na biye da ita yana sunkuyawa kada ya bugi ƙofa. Dogo ajinsu ɗaya da Rediyo, gidansu na ƙarshen layinmu, kuma shi ne ya yi mata cikin. Uwar ta sani, don ni da ƙafata na je na faɗa mata. A ranar cewa ta yi ɗanta yaro ne, ko wankin safarsa bai iya ba, a bari a gama jarrabawa tukuna a zauna.

Ta zazzage farin yadi a kan teburina, irin mai tsadar nan da yake zamewa a hannu. Wai kayan walima, za su tara mutane idan ya kammala.

Na ce, "Ni kika kawo wa?"

Ta rage murya. "Haba, Maman Rediyo. Tun yana zanen goyo ke kike masa ɗinki. In na kai wani wuri yanzu, mutanen layi za su ce me ya haɗa mu. Rufin asirinmu ne duka."

Asirinmu duka! Nata asirin yana tafiya da wando daidai ƙugunsa, nawa kuma yana kan kwano yana shan rana. Na haɗiye abin da ya taso min, don in na buɗe baki yanzu, kafin Litinin maganar ta isa makaranta. Na ɗauki tef.

Yaron ya rame. Ƙugunsa ya ragu daga awon da na yi masa bara, wuyan rigarsa har yana rawa. Da uwar ta juya tana duba zare, sai ya ce a hankali, "Mama, ya jikinta?"

Na ce, "Ɗaga hannunka."

Ya ɗaga. Hammatarsa sharkaf da gumi. Na ninke yadin na jefa saman kabad, ban ce ga ranar karɓa ba.

Litinin, da rana

Ta shiga! Takardar farko. Akwai wata malama da ke tsayawa a ƙofar ɗakin jarrabawa tana caje 'yan mata, aljihu da safa da hannun riga, kada a shiga da satar amsa. Ta caje ta, ta ce wuce. Rigar ta saje da sauran kamar tare aka saye su.

Da ta dawo na tambaye ta ya takardar. Ta ce, "Da sauƙi." Na tsaya ina jiran sauran bayanin, irin na da, wanda za ta faɗa min har kalar takalmin mai tsaron jarrabawa. Shiru. Ta shige ɗaki ta kwanta.

Alhamis, da yamma

Uku sun wuce. Ba na iya cin abinci sai na ji ƙarar ƙofa.

Lahadi, da la'asar

Wasu mata biyu suka zo karɓar ɗinki, suka baje a kan bencina suna hira. Wai 'yar mai gyaran takalmi da aka kora bara, an gan ta a asibiti da jariri ɗan mitsitsi, kullum ba shi da lafiya, ita ma duk ta bushe. Ɗayar ta ce ai maganinta ke nan, yaran yanzu ba sa jin magana. Na tambaye ta, shi yaron fa, ina yake? Ta ce oho, an ce yana babbar makaranta. Ta faɗa ko a jikinta, kamar tana ba ni labarin farashin albasa.

Na ce, "To ita kaɗai ta yi wa kanta ke nan, da iska?"

Suka kwashe da dariya, wai Maman Rediyo ba ki da dama. Na ba su kayansu, na yi fatan zip ɗin ya ɓalle musu a tsakiyar taro.

Da suka fita na juya sai na ga Rediyo zaune a kan kekena, tana taɓa fedar da ƙafa. Na daka mata tsawa ta sauka. Tun tana 'yar mitsitsiya ban taɓa barin ta ta taka keken nan ba. Ba raina sana'ata na yi ba, ita ta ciyar da mu. Amma ni na san abin da ta yi wa idona da bayana, kuma yarinyar da ke yin lissafi da ka kafin in gama neman alli ba a kan feda za ta ƙare ba. Ta san wannan dokar sarai.

Talata, da yamma

Wayyo ni.

Ta dawo ta tsaya a ƙofar shago, hasken yamma na dukanta, sai na ga abin da na yi. Ratsi huɗu, shuɗi shar, daga ƙirji zuwa cinya. Na koɗar da rigar ne bayan na ɗinka ta, ninkin yana kwance a rufe. Rana ta ci waje, ba ta shiga cikin ninkin ba. Yanzu da abin ke ƙara girma ninkin yana buɗewa, sabon shuɗin yana leƙowa. Kullum zai ƙara faɗi. Da yadin na fara shanyawa kafin in sa almakashi, da duk wannan bai faru ba. Ko 'yar koyo ta san haka.

Ta ce malama mai caje ta ja ɗaya daga cikin ninkin da yatsa, ta ce, "Wannan kuma wane sabon yayi ne?" Ita kuma ta ce mamanta tela ce, gwaji take yi. Malamar ta yi tsaki ta ce wuce.

Saura takarda huɗu. Ta ƙarshe ita ce lissafi, kuma in babu lissafi babu makarantar gaba da za ta kalli sauran.

Laraba, da sassafe

Na yanka ƙyalle mai ƙarfi, mai faɗin tafin hannu biyu, na yi masa igiyoyi. Na ce ta ja numfashi. Na ɗaure. Ninkin ya koma ya kwanta, shuɗin ya ɓuya.

Ta ce, "Mama, ya matse."

Na ce, "Na awa uku ne kawai. Daure."

Ba ni na yi dokar ba. Ina ta faɗa wa kaina haka har ta fita.

Juma'a, da rana

Ta rubuta. Da na kwance ƙyallen shatinsa ya fito ja a fatarta. Ƙafafunta sun kumbura, takalmin ya ƙi fita sai da sabulu.

Litinin, da rana

Ta rubuta. Sai da na ƙara jan igiyar yau.

Maman Dogo ta aiko a tambaya ko an yanka yadi. Na ce a ce mata wuta ce babu. Kekena na ƙafa ne, ta sani.

Laraba, da yamma

Saura lissafi kaɗai, sai Alhamis ta sama. Ta ci abinci kaɗan. Tana ta dafa gefenta tana shiru, kamar mai sauraron wani abu a ɗaki na gaba.

Alhamis, da la'asar

Da safe ina shara ta zo ta tsaya a bayana. Ta ce, "Mama, tun jiya bai motsa ba."

Tsintsiyar ta faɗi. Ban san babanta ya ji ba sai da na ga ya tura babur waje, rigarsa a bai-bai. Ya ce, "Rediyo, hau." Wata uku rabon da sunan nan ya fito daga bakinsa. Ni na bi su a mota.

Ba ta taɓa zuwa awo ba. Ina za mu je, bayan rabin matan da ke layin asibitin ni nake musu ɗinki? Nas ɗin wata gajeriya ce mai faɗa. Ta ɗaga rigar, ta ga shatin ƙyallen, ta ɗago ta kalle ni.

"Wa ya yi wannan?"

Na ce ni.

"Baiwar Allah, buhu kika samu? Yarinya ce ƙarama, ƙugunta bai gama girma ba, jininta ya yi ƙasa, ƙafa a kumbure, ba awo ba magani, sannan ki zo ki ɗaure? So kike ki rasa biyu?"

Ta ɗora wata 'yar na'ura tana yawo da ita a kan cikin. Shiru. Ta matsa gefe, shiru. Rediyo ta kama hannuna har farcenta ya shige. Can sai ga shi, fat-fat-fat, da sauri kamar keke a hannun gwani. Nas ɗin ta ce, "Ga jikanki nan, ya gaji ne da matsi. Kika sake ɗaure shi, ni da ke ne."

Na fito waje na yi kuka a jikin katanga, kuma kukan haushi ne. Nas ta wanke ni tas, kuma da gaskiyarta. Amma ina ma ta taka zuwa makarantar ta wanke waɗanda suka sa uwa ta zaɓa tsakanin numfashin 'yarta da takardarta. Su suna can ofis ƙarƙashin fanka.

Asabar, da rana

Na buɗe ninkin na danne da duwatsu a kan kwano, ko rana za ta taimaka. Gari ya wuni da hadari. Na shafa bilic da tsumma a kan ratsi ɗaya, ya malala gefe ya yi fari fat, ya fi da muni. Sabon ɗinki kuma babu lokacin koɗar da shi. Na gwada tsohuwar rigar wata ƙawarta, ko ƙirji ba ta wuce ba.

Laraba, da yamma

Na ɗauko ƙyallen. Ban ce zan ɗaure ba, ɗauko shi kawai na yi, na ce ko sako-sako ne, na gobe kaɗai.

Ta karɓa daga hannuna ta jefa a kwandon tarkacen yadi. Ta ce, "Mama, na ji bugun nan. Ke ma kin ji. Haka zan tafi."

"In suka mayar da ke fa?"

"Sai su mayar da ni ina numfashi."

Ban taɓa jin ta yi min magana da wannan muryar ba. Na so in mare ta, na so in rungume ta, na rasa wanda zan fara, sai na tafi na goge mata rigar.

Alhamis, da yamma

Na raka ta. Na tsaya tsallaken titi ƙarƙashin bishiya, inda nake hango layin ta cikin ƙofar makaranta. Ratsin nan huɗu a buɗe, har daga inda nake. Ta riƙe jakarta a gaba.

Malama mai caje ta ce ta ajiye jakar. Ta kalle ta sama da ƙasa, ta sa tafin hannu a gaban rigar, ta janye da sauri kamar ta taɓa tukunya. Ta ja ta gefe. Ban san lokacin da na tsallaka titin ba, mai gadi yana kira ina wucewa.

Shugabar makarantar ta fito, mace mai tabarau da taushin murya. Ta ce, "Mama, ki yi haƙuri. Doka ce, ba ni na kafa ta ba."

Na ce, "Ranki ya daɗe, takarda takwas ta rubuta a haka, rufin ɗakin bai faɗo ba. Saura ɗaya. Awa uku."

"Da ba mu sani ba. Yanzu mun sani."

"To ku ba ta kujera a baranda. Ku sa ta a ɗakin ajiye tsintsiya. Ƙarƙashin bishiyar can ma ta yarda, ni zan riƙe mata lema."

"In na bar ta, gobe iyaye za su cika min ofis. Wane misali muke ba sauran yaran?"

Har gwiwa na kai ƙasa, ni da ban taɓa durƙusa wa mai bina ɗinki ba. Ta ce in tashi, mutane na kallo. Sai na tashi, tunda kallo ne matsalar. Na nuna layin maza da yatsa, na ɗaga murya yadda na can baya ma zai ji.

"Ga uban can, dogon nan mai riƙe da rula. In misali kuke so, a fito da shi su tafi tare."

Shugabar ta gyara tabarau ta ce, "Shi ba mu ga komai a jikinsa ba."

Wannan maganar zan mutu da ita a kunnena.

Dogo ya fito daga layi da kansa. Ya yi taku biyu zuwa wajenmu. Wani malami ya dafa kafaɗarsa ya juya shi, ya tura shi ciki kamar akuya. Aka kaɗa ƙararrawa, aka rufe ƙofa.

Rediyo ta ɗauki jakarta ta rataya a baya. Na ce mu hau mota, ta ce a'a. Da ƙafa muka dawo ta babban titi, ta gaban masu kayan miya da masu wankin mota, ba ta kare gabanta da komai ba. Duk wanda ya kalle ta na kalle shi har sai ya sauke ido.

Juma'a

Ban buɗe shago ba.

Asabar, da la'asar

Dogo ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ya ƙi shigowa. Wai lambarsa kawai ya rubuta, tambayoyin suna ta yawo a idonsa. Wai zai nemi aiki wurin masu wankin mota, duk abin da ya samu zai kawo.

Na ce, "Ka dai zauna a kujerar."

Ya fashe da kuka, majina har baki, ƙaton yaro yana share fuska da hannun riga. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Ina neman wanda zan shaƙe, sai in tarar da wani yaron da ko gemu bai tsiro masa ba. Na ce ya tafi gida ya ci abinci.

Uwarsa ba ta fasa walima ba. An ce ta riga ta gayyaci mutane.

Litinin, da yamma

Da safe ina bayan ɗaki ina wanki sai na ji kekena yana tafiya, tafiyar wanda bai iya ba, ya ruga ya tsaya, ya ruga ya tsaya. Na shigo da kumfa a hannu.

Rediyo ce. Ta sauko da farin yadin Dogo daga saman kabad, ta sa masa almakashi. Ta yanka 'yan riguna ƙanana, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, wuya a karkace. Zare ya cukurkuɗe a ƙasan ɗinkin.

Na ce, "Sauka."

"Mama, koya min kawai. Me ya rage?"

"Na ce ki sauka daga kan keken nan."

"To me zan yi? In zauna ina kallon bango? Sun rufe ƙofa, a gabanki aka rufe!"

Ta faɗa da ƙarfi, har mai shagon kusa ya leƙo. Daga nan bakin ya buɗe. Ta zagi malama mai caje, ta kwaikwayi muryar shugaba da gyaran tabarau, ta faɗi tambayoyin da ƙawarta ta ce sun fito, wai guda bakwai ta san su kamar sunanta, tana kuka tana lissafa amsoshin da yatsu. Babanta ya tsaya a tsakar gida da kofi a hannu, bai motsa ba har ta gama.

Na shiga ɗaki na ɗauko littafin lissafinta na dangwara a kan teburin yanka. Na ce baɗi akwai jarrabawar 'yan waje, ta masu zuwa daga gida, babu mai tambayar riga.

"Baɗi ina goyo."

"Bayana bai karye ba. Ke ga teburinki, ni ga kekena. Tashi."

Ta tashi tana gunaguni. Na zauna na warware shirmen da ta yi, na daidaita hannayen, na gyara wuyan. Farin ya yi min fari da yawa. Sai na ɗauko rigar makarantar, na yanke ratsin nan da suka tona mu, na yi wa kowace riga baki da shi a wuya da hannu. Shuɗin yana nan shar kamar yau aka sayo shi.

Da la'asar Maman Dogo ta zo da kanta, fuska a haɗe, wai ta zo karɓar kayanta, ɗinkakke ko ba ɗinkakke ba. Na miƙa mata leda. Ta zaro ɗaya, ta riƙe da yatsu biyu, tsawonta bai wuce tafin hannuna da rabi ba.

"Mene ne wannan?"

Na ce, "Yadin ɗanki ne, awon jikanki. Kin ce a bari a gama jarrabawa a zauna. An gama. Ga benci."

Ta kalli rigar, ta kalli Rediyo da ke duƙe kan littafi, cikinta ya tokare bakin tebur. Ba ta zauna ba, amma ba ta jefar da rigar ba, da ita ta fita a hannu.

Akwai sauran yadi. Gobe zan yanka wa jikana hula.